Sikelin Da Aka Kai Filin Ƙwallo

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo gidajen kallon ƙwallo, daga Kwanar Dangora har Riruwai, kuma ba wanda ya koya wa wani ita. A da, ƙwallo na taɓa raga sai rumfar langa-langa ta ɗauki ihu, benci ya kife, mai shayin da ke waje ya san an ci. Yanzu fa? Ƙwallo ta shiga, mutane sun miƙe, amma ido na kan alƙalin wasa. In ya dafa kunne da yatsa, murna ta maƙale a maƙogwaro. In kuma ya zana akwati a iska ya ruga bakin fili wajen ɗan talabijin ɗin nan, to sai addu'a. Minti biyu, minti uku, janareta na ruri a baya, mai gidan kallo na tunanin man da ke ƙonewa, sannan a dawo a ce ba a ci ba. Nan take musu ya ɓarke. Wannan ya ce, "Wallahi Yaya, fashi ne da rana tsaka." Wancan ya ce, "Kai dai ƙanena ka koyi doka, ba ga layi nan an ja maka ba?" A tashi daga kallo a kai maganar majalisa, washegari a tafi da ita gona.

Abin da ke jawo wannan shi ne VAR, tsarin nan na sake duba hoton wasa don a taimaki alƙali. Ana yi mata kallon wani abin mamaki daga Turai, amma ni a ganina duk wanda ya taɓa kai shinkafa kasuwar Tudun Wada, ko ya sauke masara daga Doguwa, ya san ciki da bayanta tun kafin a ƙirƙiro ta.

Ka kawo buhunka na shanshera. Ma'auni ya zauna ya kwance bakin buhu, kwano a hannu, yana ɗiba yana ƙirgawa da ƙarfi. Hannunsa ya fi idonka sauri. Wani kwanon ya yi tuli, wani ya ɗan gaza, wani kuma ya tare gefensa da hannu don hatsi ya ƙara hawa. Kana tsaye kana kallo, dillali na ba ka baki. In ma'aunin mutumin kirki ne, abin da ya ragu a nan zai dawo a can, a rabu lafiya. In mugu ne, ya bubbuge gindin kwano, yana da na saye yana da na sayarwa. To shekara fiye da ɗari haka alƙalin wasa yake aiki: usur ɗaya, ido biyu, sai masu tuta biyu a bakin layi, yana gudu yana awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne, sau da yawa yana dacewa. Matsalar ita ce ranar da ido ya kuskure, babu mai mayar da hatsi cikin buhu a sake sabon awo.

Mu 'yan Najeriya mun sha wannan ɗacin tun kafin a haifi rabin masu musun yau. Ranar 13 ga Fabrairun 2000, a Legas, wasan ƙarshe na kofin Afirka, gasar da Kano ma ta karɓi wasu wasanninta a filin Sani Abacha. Mu da Kamaru aka tashi 2-2, aka je bugun fenareti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama, ta dira bayan layi, ta yi tsalle ta fito. Alƙalin wasa Mourad Daami, ɗan Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Da aka maimaita hoton, duk mai talabijin ya ga ta shiga, sai shi mai usur ne kaɗai ba shi da ikon dubawa. Kamaru ta ɗauki kofi a gidanmu. Kwano guda ne ya zube a ƙasa, amma shi ne kwanon da ya cika buhun. Ingila ma ta ɗanɗana: Maradona ya ci su da hannu a 1986, sannan a 2010 ƙwallon Frank Lampard ta faɗa can cikin ragar Jamus aka ce a ci gaba da wasa. Da yake kukan mai ƙarfi ya fi saurin isa kunne, bayan wannan ne masu ƙwallon duniya suka yarda a kawo sikeli.

Sikelin farko mai sauƙin kai ne. Kyamarori ne aka saita a kan kowace raga, aikinsu ɗaya tak: ƙwallo ta haura layi gaba ɗayanta ko ba ta haura ba. In ta haura, agogon hannun alƙali ya girgiza nan take. An yi aiki da shi a kofin duniya na 2014 a Burazil, kuma ka lura, da wuya ka ji ana tsine masa a gidan kallo. Tambayar da aka yi masa amsa ɗaya gare ta. Kamar ka ɗora buhu ne a sikelin masu saye wa kamfanin shinkafa, lamba ta fito, kai da mai saye kuna kallonta tare, magana ta ƙare.

Daɗin wannan ne ya sa aka ce to a faɗaɗa. IFAB, majalisar da ke riƙe da dokokin ƙwallo, ta ba da izinin gwaji a 2016, ta shigar da VAR cikin doka a Maris na 2018, aka kai ta kofin duniya na Rasha a wannan shekarar, gasar Firimiyar Ingila da muka fi kallo ta karɓe ta a kakar 2019/20. Mutane da yawa na ɗauka wata kwamfuta ce mai yanke hukunci. Ko alama. Wasu alƙalai ne ke zaune a ɗaki, talabijin jere a gabansu, kyamarori na kawo musu hoto ta kowace kusurwa, suna magana da na cikin fili ta kunne. Ka ɗauke su kamar dattawan rumfar Sarkin Kasuwa. Ba sa bin kowane ciniki, in ba haka ba kasuwa ba za ta ci ba. Da aka kafa su, abu huɗu aka yarda su sa baki a kai: cin ƙwallo, fenareti, jan kati na kai tsaye, da kuma in an ba wani kati alhali wani ne mai laifin. A nan ɗin ma sai kuskure ya fito ƙarara, kuma maganar ƙarshe ta mai usur ce. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a rumfar Sarkin Kasuwa ya san abin da ya fito ƙarara ga mai saye ba lalle ne ya fito ga mai sayarwa ba.

A kan satar gida sikelin ya fi nuna gwanintarsa. A Katar, a 2022, kyamarori goma sha biyu ne a ƙarƙashin rufin fili suna bin gaɓoɓin kowane ɗan wasa, wajen wuri ashirin da tara a jikinsa, sau hamsin a daƙiƙa ɗaya, ita kanta ƙwallon an sa mata wata 'yar na'ura a ciki mai faɗin lokacin da aka taɓa ta. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina 2-1, ƙwallo uku aka soke wa su Messi kafin hutun rabin lokaci, kuma ranar ba mu ji kowa a nan yana kuka da awo ba. Amma da aka soke ta Victor Osimhen a Abuja, ranar 29 ga Maris na 2022, a wasan da Ghana ta hana mu zuwa Katar ɗin, ai sai aka ce sikelin banza ne. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A wasan nan na Abuja fenaretin da William Troost-Ekong ya ci mana, bayan an duba hoton aka ba mu shi, amma wa ke tuna wannan?

Duk da haka akwai ƙorafin da nake ganin yana da gaskiya. An kafa dokar satar gida ne don kada mutum ya je ya kafa rumfa a gaban mai tsaron raga yana jiran a miƙo masa. Yau sai ka ga an soke ƙwallo saboda kan takalmi ko gefen kafaɗa. Wannan sikeli ne da ke auna buhu har ya ce ƙwayar shinkafa uku ta yi yawa, don haka a fasa ciniki. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da haka? Ballantana ma sikelin bai kai kaifin da ake nuna mana ba. Hoton bidiyo jerin hotuna ne a tsaye, ana sauya su da sauri. Tsakanin hoto ɗaya da na gabansa, ɗan wasan da ya ware da gudu ya matsa abin da ya kusa taƙi guda. To a wane hoton ƙwallo ta bar ƙafar mai bayarwa? Inda ba a da ƙwallo mai na'ura a ciki, sau da yawa mutum ne ke zaɓa da hannunsa, sannan a zo a ja layi siriri kamar zare a ce mana ga hujja. Kamata ya yi in abu ya kai haka kusa, a bar wa mai kai hari, kamar yadda ma'auni na gari ke barin tulin kwano ga mai saye ba tare da ya ƙirga ƙwayoyin da ke sama ba.

Amma babban rikicin yana wajen abin da sikeli bai san shi ba sam. Sikeli zai faɗa maka nauyin buhu. Ba zai faɗa maka shinkafar na da danshi ba, kuma mai danshi ta fi nauyi. Ba zai faɗa maka an yi algus da tsakuwa a gindin buhu ba, ko ƙaiƙayi ya yi yawa, ko za ta karye in ta shiga inji. Wannan sai mutum ya tsoma hannu, ya murza, ya ciza ƙwaya da haƙori, kuma gogaggun 'yan kasuwa biyu za su iya ciza ƙwaya ɗaya su saɓa. Taɓa ƙwallo da hannu da ƙeta a da'irar mai tsaron raga irin wannan ne. Ka tuna daren 26 ga Yunin 2018 a birnin Saint Petersburg. Mu da Ajantina 1-1, Victor Moses ya farke ta Messi, in aka tashi haka mun wuce zagaye na biyu. Saura 'yan mintuna, Marcos Rojo ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, ta sauka a hannunsa. Mikel Obi da sauran yara suka yi ca a kan alƙali, Cüneyt Çakır ɗan Turkiyya. Ya je ya duba, ya gani da idonsa cewa ta taɓa hannu, ya dawo ya ce babu fenareti, don daga kan mutumin ta zamo masa. A minti na 86 Rojon nan dai shi ya ci mu, muka tattaro kayanmu. Har gobe a Kiru da Bebeji akwai mai rantsuwa cewa da a ragarmu abin ya faru da an busa. Ba ni da hujjar ƙaryata shi, shi ma ba shi da hujjar tabbatarwa. Hoton bai ɓoye komai ba. Nauyi ya fito, danshin ne aka saɓa a kai. Ita kanta dokar hannun an gyara ta a 2019, aka sake taɓa ta a 2021, don masu dokar ma sun kasa samun kwanon da zai auna niyyar mutum.

Ga kuma sharrin rage gudun hoto. Ɗebo shinkafar da ta fi kowace kyau a Tudun Wada, wadda mata suka turara da kyau aka casa aka sheƙe, ka baje ta a faifai kana bi ƙwaya-ƙwaya, wallahi sai ka tsinci baƙa, sai ka tsinci karyayya. A tukunya kuwa ba wanda zai lura. Haka gogayyar 'yan wasa take. Abin da a gudun gaske kafaɗa ce ta haɗu da kafaɗa, in aka ja shi a hankali aka maimaita sau shida sai ya koma kamar an yi niyyar karya mutum. A kofin duniya na mata a 2019, a birnin Rennes, Wendie Renard ta Faransa ta buga mana fenareti ya daki turke ya fita. Aka duba hoto aka ce mai tsaron ragarmu Chiamaka Nnadozie, yarinya 'yar shekara 18, ta ɗan baro layi kafin a buga. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake bugu, aka ci mu 1-0. A takarda hukuncin daidai ne. Amma ƙwallon da ta tafi turke da kanta, me matsawar yarinyar ta canza? Tsakuwa ɗaya aka tsinta a faifai aka mayar da buhu guda.

Kada wannan ya sa a ce ina cikin masu cewa a jefar da sikelin. Akwai ranar da ya yi mana ciwo fiye da kullum, kuma ranar gaskiya ya faɗa. Ranar 7 ga Fabrairun 2024, a Bouaké ta ƙasar Kwaddibuwa, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, mu da Afirka ta Kudu. Muna gaba da ci ɗaya na Troost-Ekong. Wajen minti na 85 aka kai hari, Osimhen ya tura ta raga, 2-0. Duk gidan kallon da ke kudancin Kano ya tashi, wasu har sun fice waje da gudu. Sai alƙali Amin Omar ɗan Masar ya dafa kunne. Ashe tun a farkon harin, can a da'irarmu, Alhassan Yusuf, ɗanmu haifaffen Kano, ya taɗe Percy Tau. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka dawo ƙarshen fili aka ba su fenareti, Teboho Mokoena ya ci, 2-0 ta koma 1-1. Ka yi ciniki, an biya ka, an loda buhuna a mota, direba ya tayar har ya kai bakin titi, sai ga yaron Sarkin Kasuwa da gudu: "Baba, a dawo da mota, buhun farko ba a auna shi daidai ba." Ba wanda zai ji daɗin wannan. Amma ka tsaya ka tambayi kanka: buhun farkon daidai ne? Ba daidai ba ne. Yaron ya taɓa ƙafar mutumin, kowa ya gani da aka maimaita. Da mu aka yi wa haka aka wuce, da har yau muna ambaton Bouaké yadda muke ambaton Ikpeba. A ƙarin lokaci dai wannan ɗakin ne ya sa aka kori Grant Kekana da jan kati, sannan Stanley Nwabali ya kaɗe biyu a bugun fenareti, Kelechi Iheanacho ya rufe, muka wuce 4-2. Mun ci, kuma mun ci halal ɗinmu, ba mai cewa an tauye masa mudu. Haka a 2023 a Ostareliya, da Lauren James ta Ingila ta taka bayan Michelle Alozie, katin gargaɗi aka fara ba ta, sai da aka duba hoto aka mayar da shi ja.

To in sikelin na da amfani haka, me ya sa rigima ta ƙaru maimakon ta ragu? Ni dai ga abin da na gani. A kasuwa, ko da ma'auni ya cuce ka, a gabanka ya yi. Kana iya cewa, "Malam, dakata, sake wannan kwanon." Amma a ce an ɗauke buhunka an shiga da shi wani ɗaki an rufe ƙofa, kana waje kana jira, can a leƙo a ce maka kilo kaza ne, ko da mutanen ɗakin waliyyai ne zuciyarka ba za ta kwanta ba. Cinikin biri a sama ke nan. Shekaru da yawa haka aka tafiyar da VAR. Mu da ke gidan kallo ma mun fi waɗanda suka biya kuɗi suka shiga filin gata, don mu ana maimaita mana hoto, su kuwa suna zaune ba su san abin da ake dubawa ba.

Ranar da aka buɗe ƙofar ɗakin kuwa, abin da aka gani ya isa darasi. A ranar 30 ga Satumban 2023, Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham, mai tuta ya ɗaga ya ce satar gida. Na cikin ɗaki, Darren England, ya ja layi ya ga lafiya lau ƙwallo ta ciwu. Sai dai shi a zatonsa alƙalin fili ya riga ya ba da ƙwallon, don haka ya ce an gama dubawa, hukunci ya tsaya. Na fili ya ɗauka an tabbatar masa da satar gida, aka ci gaba da wasa. Cikin 'yan daƙiƙu suka gane ɓarnar, amma doka ta hana komawa baya in an riga an ci gaba da wasa. Liverpool ta sha kashi 2-1. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, ta saki muryoyin kowa ya ji. Sikeli ya auna daidai, mai karanta lamba ne da mai rubutawa ba su fahimci juna ba. A nahiyarmu ma an ga wanda ya fi wannan: wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2019, a Tunisiya, Wydad ta Maroko ta farke ƙwallon Espérance aka ce satar gida, suka ce a je a duba, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka fi awa ana jayayya, aka miƙa wa Espérance kofi. An kafa sikeli a tsakiyar kasuwa kowa na ganinsa, sai da rigima ta tashi aka ce ai ya lalace.

Duk da wannan, da Wolverhampton ta kawo shawarar a soke VAR a Firimiya a watan Yunin 2024, ƙungiya 19 cikin 20 suka ce a bar ta. Manomin da ya saba sayarwa da kilo, ko yana ƙunƙuni, ba ya son komawa hannun mai kwano biyu. Abin da ake ta gyarawa yanzu shi ne ƙofar ɗakin. Tun 2023, a wasu gasanni, alƙali kan ɗauki lasifika ya faɗa wa 'yan kallo abin da ya yanke bayan ya duba. Wannan hanya ce mai kyau, kuma ni da za a bi tawa da an bar mu mu ji maganar ɗakin kai tsaye lokacin da ake yin ta, a kuma sa musu iyakar lokaci. Abin da aka kalla sau goma ba a gane ba, ai bai fito ƙarara ba, a bar hukuncin farko.

Mu dawo gida, don a nan abin ya fi damuna. Gasar ƙwararru ta Najeriya da Kano Pillars ke bugawa ba a aiki da VAR a cikinta, kuma kullum aka yi rikici sai ka ji ana cewa da akwai na'ura da ba a yi haka ba. A watan Yunin 2019, a filin Agege na Legas, bayan an tashi 1-1 da Rangers, magoya baya suka afka fili, aka ci tarar Pillars, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A watan Oktoban 2025, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Shooting Stars ta farke ana dab da tashi, aka sake afkawa kan alƙalai da baƙi, aka kwashe wa Masu Gida maki uku, aka ci tarar miliyoyi, aka tura su Katsina su yi wasannin gida. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, ƙungiyar da Ahmed Musa ya yi suna a cikinta, bai kamata a riƙa jin sunanta a irin wannan labari ba. Kuma ina tambaya da gaske: da akwai ɗan talabijin a bakin fili ranar, alƙali ya je ya duba ya dawo ya ce ƙwallon baƙi ta ciwu, jama'a za su koma su zauna? Kasuwar da ake dukan ma'auni in awo bai yi wa mutum daɗi ba, in ka kai mata sikeli, sikelin za a fara fasawa.

Ka gangaro filayen makarantun firamare na Kafin Maiyaki ko Tiga ko Daɗin Kowa, inda ake gasar unguwanni bayan an kawar da amfanin gona. Alƙali wani malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasa, layin fili da toka aka ja shi, 'yan kallo na tsaye a kan layin, babu shinge babu ɗan sanda. Sau da yawa masu gida ne ke ba shi kuɗin mota da na ruwa. Wato mai sayarwa ne ke biyan ma'auni, kuma 'yan uwan mai sayarwa ne suka kewaye shi da sanduna. A haka ake so ya busa fenareti a kan masu gida a minti na ƙarshe? Wanda ya yi hakan jarumi ne, ya cancanci a raka shi har tasha a yi masa godiya, amma ba a gina kasuwa a kan jarumtar mutum ɗaya.

VAR irin ta Turai kuɗi ne masu yawa: kyamarori barkatai, wutar da ba ta ɗaukewa, alƙalan da aka horar musamman. Amma akwai ƙaramin sikeli da FIFA ke gwadawa, wanda aka yi aiki da shi a kofin duniya na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, gasar da 'yan matanmu ma suka buga. Babu ɗaki, babu masu raɗa a kunne, kyamara kaɗan ta isa. Kowane koci na da damar neman a duba sau biyu a wasa. In ya nema, alƙali ya je bakin fili ya kalla da kansa. In koci ya yi gaskiya damarsa na nan, in bai yi ba ta ƙone. Wannan shi ne "Malam, sake wannan kwanon" ɗin da muka sani, mai kaya ne da kansa ke cewa a sake, a gaban kowa, kuma ba zai yi ta faɗa barkatai ba tunda ya san sau biyu ne. Shi ya fi dacewa da Ƙofar Mata, kuma shi ya kamata hukumar ƙwallon ƙasa ta sa a gaba.

A ƙauyukanmu kuwa ko wannan bai zama dole ba tukuna. Masu shirya gasa su karɓi kuɗin alƙali daga ƙungiyoyi tun ranar rajista su riƙe a hannunsu, su ɗauko alƙali daga wata gunduma, na Kiru ya busa a Tudun Wada, na Doguwa ya busa a Bebeji. A ja igiya tsakanin 'yan kallo da layi, a gayyaci dagaci ko wakilinsa da 'yan sintiri su zauna a bakin fili. Wayar da samari ke ɗaukar wasa da ita don su sa a Facebook, a ba mutum biyu amintattu su ɗauka daga farko har ƙarshe, kwamiti ya zauna washegari ya kalla tare da kyaftin na kowane ɓangare. Alƙalin da aka ga yana da kwano biyu a ajiye shi, ƙungiyar da magoya bayanta suka ɗaga wa alƙali hannu a cire ta daga gasar shekara mai zuwa, ko da ƙungiyar ɗan wanda ya sa kofin ce.